Ja da Bayan Rago Ne ko Gudu? Idan Farashin Hannun Jarinka Ya Fara Sauka

A ce wata huɗu da suka wuce ka sayi hannun jarin wani kamfani ta manhajar wayarka a kan naira 40 kowane ɗaya. Ya yi ta hawa a hankali har ya kai naira 60. Kullum bayan sallar Isha'i sai ka buɗe waya ka duba, ka ji daɗi, har ka fara lissafin abin da za a yi da ribar. Kwatsam ranar Litinin ya koma 58, Laraba 55, kafin Juma'a ya taɓa 52. Lambobin da suka saba fitowa kore duk sun koma ja. Uwargida, wadda ta zuba kwasar adashinta a ciki bisa shawararka, ta tare ka da tambaya ɗaya: mu sayar ko mu jira?

Idan ka leƙa zaurukan WhatsApp da Telegram na masu harkar hannun jari, amsar da za ka fi ji ita ce: kwantar da hankalinka, ɗan ja da baya ne kawai, ƙaro ma ya kamata ka yi tunda ya yi araha. Bahaushe ma yana da karin maganar da ta dace da su, cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Gaskiya ne, rago yakan ja da baya don ya kawo karo da ƙarfi. Amma duk wanda ya taɓa kallon karon raguna ya san wani lokaci ragon yakan ja da baya, ya ƙara ja, daga nan ya juya ya kama gabansa. A taku uku na farko, mai shirin karo da mai shirin gudu tafiyarsu iri ɗaya ce. Wannan ita ce matsalar da za mu duba yau, don kuɗin gida ne a ciki.

Motsi uku a cikin farashi ɗaya

Wanda ya fara tsara wannan magana shi ne Charles Dow, ɗan jaridar Amurka da ke cikin waɗanda suka kafa jaridar Wall Street Journal a 1889, wanda kuma ma'aunin kasuwa na Dow Jones ke ɗauke da sunansa. A sharhunan da ya rubuta kafin rasuwarsa a 1902, ya lura cewa farashi yana motsi iri uku a lokaci guda. Akwai babbar tafiya, wadda kan ɗauki shekara ko shekaru tana hawa ko tana sauka. Akwai tafiya ta biyu, wadda ke saɓa wa babbar na ɗan lokaci. Sannan akwai 'yar rawar yau da gobe, wadda ba ta da wata ma'ana. Waɗanda suka gaji tunaninsa, William Hamilton da Robert Rhea, sun ce tafiya ta biyun takan ɗauki mako uku zuwa wata uku, kuma takan cinye sulusi zuwa sulusi biyu na hawan da aka yi kafinta.

Ba sai ka je New York za ka gane wannan ba. Tambayi duk wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Shekara da shekaru farashin buhun masara yana hawa, wannan ita ce babbar tafiya. Da kaka, idan sabon hatsi ya cika kasuwa, farashi ya sauko na 'yan watanni, wannan ita ce ta biyu. Bambancin da ke tsakanin farashin safe da na yamma a rana ɗaya kuwa, saboda motoci sun iso ko ba su iso ba, ita ce 'yar rawar.

Sai dai ka lura da inda misalin ya tsaya. Saukar farashin hatsi da kaka tana da kalanda, kowa ya san lokacin girbi. Ja da bayan hannun jari ba shi da kalanda. Kuma ko a hatsin ma, waɗanda suka cika rumbuna a kakar 2024 suna jiran tsadar da suka saba gani sun sha mamaki a 2025, lokacin da farashin ya karye maimakon ya tashi. Abin da suka ɗauka saukar kaka ce, ashe babbar tafiyar ce ta juya.

Masu harkar suna da wasu sunaye da suka amince da su a tsakaninsu. Idan kasuwa ta sauka da 'yan kaso kaɗan daga ƙololuwarta, sai su ce ɗan ja da baya ne. Idan ta kai kashi 10 cikin 100, sai su ce gyara ne. Idan ta kai kashi 20, sai su ce kasuwa ta shiga lokacin faɗuwa. Waɗannan iyakoki al'ada ce kawai, babu wata doka ta lissafi da ta kafa su. Kasuwar da ta sauka da kashi 9 ba ta san cewa saura kashi ɗaya a canza mata suna ba.

Me ke sa farashi ya sauka alhali kamfani lafiyarsa lau?

Dalili mafi yawa shi ne kwasar riba. Wanda ya saya a 40 ya ga 60, sai ya ce bari in karɓi rabona, ya sayar. Idan irinsa suka yi yawa a mako ɗaya, masu sayarwa suka rinjayi masu saye, dole farashi ya sunkuya har sai ya kai inda sababbin masu saye za su ga ya yi musu daidai. Wani lokaci kuma Babban Banki ne ya ƙara kuɗin ruwa, manyan masu zuba jari suka ga takardun lamunin gwamnati sun fi musu kwanciyar hankali, suka janye wani kaso na kuɗinsu. Wani lokaci labari ne daga waje, ko jita-jita, ko gabatowar zaɓe.

Akwai kuma saukar da ba sauka ba ce, kuma tana yawan tsorata sababbin shiga. Idan kamfani ya sanar zai raba ribar naira 3 a kan kowane hannun jari, da zarar ranar rufe rajistar masu cin ribar ta wuce, akan rage wannan naira 3 daga farashin a kasuwa. Za ka buɗe waya ka ga ja, alhali kuɗin suna kan hanyarsu zuwa asusunka na banki. Haka ma idan kamfani ya ba da kyautar ƙarin hannayen jari: adadin naka ya ƙaru, farashin kowane ɗaya ya ragu, jimillar dukiyarka tana nan yadda take. Don haka kafin ka fara wani dogon tunani, duba sanarwar kamfanin a shafin kasuwar hannayen jari ta Najeriya, wato NGX. Minti biyar ya isa.

Abin da masu karatun zane ke dubawa

Masu nazarin hannun jari sun kasu gida biyu. Wasu kamfanin suke dubawa: cinikinsa, ribarsa, bashin da ke kansa, wa ke tafiyar da shi. Wasu kuma zanen farashi suke dubawa, wato layin nan mai hawa da sauka, ko 'yan sandunan nan ja da kore masu kama da kyandir, waɗanda asalinsu daga Japan ne, ana kuma danganta su da 'yan kasuwar shinkafa na can. Waɗannan na biyun suna ganin duk abin da mutane suka sani game da kamfani ya riga ya bayyana a cikin farashinsa, kuma halin ɗan Adam na tsoro da kwaɗayi yana maimaita kansa, saboda haka zanen ma yana maimaita kansa.

Abu na farko da suke dubawa shi ne matakala. Farashin da ke hawa ba ya tafiya a miƙe, yana hawa ne kamar mai hawa bene yana hutawa. Matuƙar kowace sabuwar ƙololuwa ta fi ta baya tsawo, kuma kowane sabon kwari bai kai na baya zurfi ba, suna cewa hawan yana nan. A misalinmu, a ce a kan hanyarsa daga 40 zuwa 60 hannun jarin ya taɓa tsayawa a 54, ya sauko 49, sannan ya ci gaba. To wannan 49 ɗin ita ce kwarin baya. Saukowa zuwa 52 bai karya matakalar ba. Idan ya zarce ƙasa da 49 ya zauna a can, labari ya fara canzawa. Irin wannan wuri da farashi ya saba tsayawa ya juyo suke kira daɓe, wurin da ya saba bugawa ya dawo ƙasa kuma rufi. Dalilinsa ba boyayye ba ne: mutane suna tuna farashi. Wanda ya yi nadamar ƙin saye a 49 yakan ajiye niyyar saye idan ya sake dawowa nan.

Na biyu shi ne matsakaicin farashi. A tara farashin rufewa na kwanakin ciniki 50 na baya a raba da 50, gobe a sake, jibi a sake, sai a sami layi mai santsi da ke bin farashin a baya. Akwai na kwana 200 ma. Idan farashi ya sauko ya taɓa layin ya koma sama, sai su ce hutu ne. Idan ya ɓula layin kwana 200 ya daɗe a ƙarƙashinsa, sai su fara tattara kayansu. Na uku shi ne yawan cinikin. Saukar da aka yi da ɗan ciniki kaɗan tana nuna 'yan tsiraru ne ke sayarwa. Saukar da aka yi da ciniki mai yawa kwana da kwanaki tana nuna manya ne ke fita.

Sai kuma wanda ya fi kowanne farin jini a wajen matasa, wato layukan Fibonacci. Ya kamata mu ɗan tsaya a nan, don da shi aka fi ruɗar mutane.

Fibonacci laƙabin wani masanin lissafi ne ɗan birnin Pisa na Italiya, Leonardo, wanda ya koyi lissafi da lambobin da Larabawa ke amfani da su yana yaro a Bijaya, garin da ke gaɓar teku a Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa ke aiki. A littafin da ya rubuta a 1202 akwai wani jerin lambobi da kowace lamba take jimillar biyun da suka gabace ta: 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55, haka har abada. Raba 34 da 55, za ka sami kusan 0.618. Raba 21 da 55, za ka sami kusan 0.382. Daga nan masu karatun zane suka ɗauko kashi 61.8 da kashi 38.2, suka haɗa da kashi 50, wanda shi ba ma daga jerin ya fito ba, suka ce a waɗannan wurare ne ja da baya ya fi yawan tsayawa.

Mu gwada da namu. Hawan daga 40 zuwa 60 naira 20 ne. Kashi 38.2 na 20 shi ne naira 7.64, saboda haka layin farko yana kan 52.36. Rabin hawan yana kan 50. Kashi 61.8 kuma naira 12.36 ne, layinsa yana kan 47.64. Ka ga farashinmu na 52 ya zo daf da layin farko, kuma na tabbata a zauren da kake ciki wani ya riga ya turo hoton zane da kibiya kore yana cewa daga nan za a tashi.

Ga abin da ba zai faɗa maka ba. Tsakanin 47 da 53 akwai layuka uku. Duk inda farashin ya tsaya a wannan ɗan tsakani, zai kasance kusa da ɗaya daga cikinsu, sai a ce ka gani, Fibonacci ya yi aiki. Idan kuma ya wuce su duka, ba wanda zai turo hoton. Shi Leonardo lissafin haihuwar zomaye yake yi lokacin da ya kawo jerin, bai san da wata kasuwar hannun jari ba. Iyakar abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne, idan dubban 'yan kasuwa suna kallon layi ɗaya kuma sun ajiye odar saye a kansa, layin zai iya riƙe farashi na ɗan lokaci saboda su, ba saboda wani sirri da ke cikin lambar ba. Masana tattalin arziki da dama ma ba su yarda da karatun zane gaba ɗayansa ba. Eugene Fama, wanda ya sami kyautar Nobel a 2013, ya yi suna ne da hujjar cewa farashin jiya ba ya ba mutum wata hanya tabbatacciya ta sanin na gobe. A nawa ganin, zane yana da amfani wajen nuna maka inda kake da kuma inda ya kamata ka amsa cewa ka yi kuskure. Duba ne dai ba ya yi.

Sau uku da aka ce ɗan ja da baya ne

A watan Fabrairun 2020, da cutar korona ta fara bazuwa, ma'aunin S&P 500 na Amurka ya faɗi da kusan kashi 34 cikin 100 tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris. Duk wani daɓe da layi da aka zana ya ɓule. Bisa ƙa'idar masu zane, wannan ya wuce ja da baya, juyawa ce sosai. Amma kafin ƙarshen watan Agusta na wannan shekarar kasuwar ta koma inda take har ta wuce. Wanda ya sayar cikin firgici a Maris shi ya yi asara, wanda ya toshe kunnensa ya zauna bai rasa komai ba.

Wannan labarin masu cewa ƙaro suke so. Ga wanda ba sa so.

A ranar 3 ga Satumban 1929 ma'aunin Dow Jones yana kan 381. Zuwa tsakiyar Nuwamba ya faɗo 198. Daga nan ya fara farfaɗowa, wata bayan wata, har ya kai 294 a watan Afrilun 1930. Yi lissafi: ya dawo da kusan rabin abin da ya rasa. Mutane da yawa suka ɗauka guguwar ta wuce, faɗuwar ce ta ɗan lokaci, suka koma da sauran abin da ke hannunsu. Ashe farfaɗowar ce ta ɗan lokaci. Ja da baya ne, amma zuwa sama, a cikin babbar tafiya mai gangarawa. A watan Yulin 1932 ma'aunin ya kai 41, kuma bai sake ganin 381 ba sai a 1954, bayan shekara 25. Ka riƙe wannan: juyin ɗan lokaci yana faruwa ta fuska biyu. Kasuwa mai hawa takan sunkuya, kasuwa mai faɗuwa ma takan ɗaga kai, kuma na biyun ya fi cin mutane.

Na ukun a gida ya faru, kuma da wuya a rasa wanda ya shafa a danginku. Bayan da Babban Banki a zamanin Charles Soludo ya umarci bankuna su kai jarinsu naira biliyan 25, wanda ya rage yawansu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, bankunan suka yi ta fitowa kasuwa suna sayar da hannayen jari ga jama'a. Ma'aikata, 'yan kasuwa, 'yan fansho, matan aure, kowa ya saya, farashi kuma ya yi ta ninkawa. Bankuna suka riƙa ba da bashi don a sayi hannun jari, jinginar kuma ita ce hannun jarin da aka saya. A ranar 5 ga Maris 2008 babban ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000. Daga nan ya fara sauka, kuma a watannin farko abin da aka yi ta faɗa wa mutane shi ne gyara ne kawai. Cikin kusan shekara guda ma'aunin ya koma wajen maki 20,000, asarar kusan kashi 70 cikin 100. A watan Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar tare da zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Wasu bankunan da mutane suka sayi hannayen jarinsu ba su tsira ba, masu jarin kuma ba su sami abin kirki ba.

Ma'aunin bai sake haura matsayinsa na Maris 2008 ba sai a watan Agustan 2023, bayan fiye da shekara 15. Ko wannan ma a lamba ne kawai. A Maris 2008 dala ɗaya ba ta kai naira 120 ba, a Agustan 2023 ta haura naira 700. Wanda ya jira ya dawo da lambarsa, amma bai dawo da abin da lambar ke saye ba.

Akwai wani lissafi mai sauƙi a nan da mutane ke mantawa. Idan abu ya faɗi da kashi 10, yana bukatar hawan kashi 11 ya koma inda yake. Idan ya faɗi da rabi, sai ya ninka. Idan ya faɗi da kashi 70, wato daga 100 zuwa 30, yana bukatar hawan fiye da kashi 230. Shi ya sa jira yake da araha a farkon sauka, yake da tsada a ƙarshenta.

Kasuwarmu da nata hali

Yawancin darussan karatun zane da ke yawo a YouTube an gina su ne a kan kasuwannin Amurka, inda ake cinikin miliyoyin hannayen jarin kamfani ɗaya a rana. A NGX akwai kamfanonin da za su yi kwanaki ba a yi wani cinikin kirki a kansu ba. Zanen irin wannan kamfani bai nuna ra'ayin jama'a ba, ra'ayin mutum biyar ko goma ya nuna, kuma mai kuɗi ɗaya zai iya zana maka daɓe ko rufi da gangan. Sannan akwai ƙa'idar da ta hana farashi hawa ko sauka fiye da kashi 10 a rana ɗaya. Tana rage firgici, amma tana da wani ɓangare: idan mummunan labari ya fito, farashi zai iya sauka kashi 10 yau, kashi 10 gobe, ka sa naka a kasuwa babu mai saye. Shi kuma babban ma'aunin, 'yan manyan kamfanoni irin su Dangote Cement, MTN Nigeria, Airtel Africa da BUA Foods ne ke da nauyi a cikinsa, don haka za a iya cewa kasuwa ta hau a labarai alhali naka ƙaramin kamfanin yana gangarawa.

Ga wanda ke kula da halaccin abin da yake saye, kuma ya kamata a kula, kasuwar tana da ma'auni na musamman, NGX Lotus Islamic Index, wanda ke tattara kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idojin Shari'a. Sayen hannun jari da bashi mai ruwa kuwa, ban da abin da malamai suka faɗa a kansa, shi ne ainihin abin da ya mayar da asarar 2008 ta zama bala'i ga gidaje da yawa. Mai jarin kansa zai iya jira. Mai bashi ba shi da wannan zaɓi, don idan farashi ya sauka mai ba da bashin zai nemi ƙarin jingina ko ya sayar da hannun jarin a farashin da ya samu, ko da kuwa saukar ta mako biyu ce.

To, mu sayar ko mu jira?

Amsar ba ta fara daga zane ba, ta fara ne daga tambayar da kai kaɗai da uwargida za ku iya amsawa: yaushe ake bukatar kuɗin nan? Idan kwasar adashin nan ta kayan ɗakin yarinya ce kuma biki saura wata uku, ko kuɗin makarantar zango mai zuwa ne, ko na haya, to tun farko ba wurinsu ba ne, kuma a 52 har yanzu kuna da ribar naira 12 a kan kowane ɗaya. Ku cire abin da ake bukata, ko da gobe zai koma 60. Ko Dow da mabiyansa sun ce ja da baya na iya kai wata uku, biki kuma ba zai jira shi ba. Idan kuwa kuɗin da za a iya mantawa da su ne shekara uku ko biyar, sai a koma ga kamfanin. Me ya sa kuka saya? Rahoton ribarsa na wata ukun da suka wuce ya nuna ci gaba ko koma baya? Shi kaɗai ke sauka ko duk kamfanonin ɓangarensa? An canza wata doka da ta shafi cinikinsa? Idan dalilin sayen yana nan daram, saukar naira 8 bayan hawan naira 20 abu ne da aka saba gani. Idan kuma dalilin sayen shi ne wani a zaure ya ce zai tashi, to ba ku da abin da za ku auna saukar da shi, kuma wannan kansa amsa ce.

Abin da ƙwararrun masu ciniki ke yi, wanda na fi ganin hikimarsa a kan duk layukansu, shi ne yanke iyakar asara tun kafin a shiga, lokacin da zuciya ke kwance. Sukan ce: idan ya sauka ƙasa da kaza, na yi kuskure, zan fita. A misalinmu wannan wuri zai iya zama ƙasa kaɗan da kwarin baya, a ce 48. Ba don 48 tana da wani sirri ba, sai don a nan ne hujjar cewa hawan yana ci gaba ta rushe. Wasu lokuta za ka fita a 48 farashi ya juya ya tafi 70, ka ji haushi. Wannan haushin shi ne kuɗin da ake biya don kada a wayi gari a 20 ana jiran 60. Kuma ba dole ba ne a yi komai gaba ɗaya: za ka iya sayar da rabi ka bar rabi, kamar yadda mai hatsi ke fitar da buhu goma ya bar goma a rumbu.

Maganar ƙarowa idan ya yi araha kuma, ita ce ta fi bukatar taka-tsantsan. Wanda ya saya a 60, ya ƙara a 52, ya ƙara a 45, yana faɗa wa kansa yana rage matsakaicin farashinsa ne, alhali a zahiri yana ƙara tara dukiyar gida a wuri ɗaya da ke nitsewa. Idan za ka ƙara, ka yanke adadin tun yanzu, kuma kada kamfani ɗaya ya cinye kaso mafi girma na ajiyarku.

Ka kuma tabbatar da wanda kake ciniki ta hannunsa. Dillalin hannun jari na gaskiya yana da rajista da hukumar SEC, sunansa yana cikin jerin da hukumar ke wallafawa, kuma hannayen jarinka suna rubuce da sunanka a asusun CSCS, inda za ka iya neman bayaninsu kai tsaye. Duk wanda ya nuna maka zane mai kyandirori ya yi maka alkawarin riba tsayayya kowane wata, ba karatun zane yake yi ba, don babu zanen da ke ba da wannan. Waɗanda suka shiga MMM kafin ta daskare a Disambar 2016, da waɗanda CBEX ta rufe da kuɗinsu a Afrilun 2025, su ma an ce musu tsaiko ne na ɗan lokaci.

Daren yau, kafin ka sake buɗe manhajar, ku zauna da uwargida da takarda da biro. Ku rubuta nawa ne nata a ciki, nawa ne naka, watan da kowannenku zai bukaci kuɗinsa, dalilin da ya sa kuka sayi wannan kamfani a layi ɗaya, da farashin da idan ya kai za ku fita ba tare da gardama ba. Ta riƙe takardar a wajenta. Rahoton kamfanin na gaba zai fito cikin 'yan makonni, ranar sai ku ɗauko ta ku gwada da abin da ya ce.